Biri ya yi kama da mutum? Darasin da ɗiyata ta zo da shi daga lakkwal

Tela_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci jiya. Babbar ɗiyata tana ajin ƙarshe a lise, bana za ta yi bak. Bayan lisha na same ta a tsakar gida tana haddar darasi da fitilar waya. Na leƙa littafin sai na ga zanen ƙoƙunan kai a jere, na farko kamar na biri, na ƙarshe na mutum. Na ce mene ne wannan? Ta ce, Baba, darasin asalin ɗan Adam ne. Wai mu da birai kakanmu ɗaya, kuma in an ƙara ja da baya can da nisa har kifi sai an tarar a cikin dangi. Ni allo na yi, sai ɗinki. Abin da na sani Allah ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu. Ba na so in yi mata tsawa a kan abin da ban gane ba, ba na kuma so ta ɗauko abin da zai taɓa imaninta. Masu ilimi ku warware mini. Me mutanen nan suka gani har suke faɗin haka? Kuma me zan ce mata?

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba sai an ja zance ba. Ta rubuta musu abin da suke so ranar jarrabawa, in ta fito ta bar shi a bakin ƙofa. In daga biri muke, me ya sa har gobe ga birai can a dajin Baban Rafi suna ɓarnar gonaki, ba wanda ya rikiɗe ya zama mutum?

Mushe_SVT:
Alhaji Tela, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka yi faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da wannan darasi, iyaye kaɗan ne suka taɓa tambayata abin da ke cikinsa.

Abu_Hafsa, ba wani masani da ya ce jan birin Baban Rafi ne ya haife mu. Ka dubi garin nan namu. Sarakunan Katsina ne suka kafa Maradi bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu. In wani ya ce maka, in Maradawa daga Katsina suke, me ya sa har yau akwai mutane a Katsina, ai ka san tambayar ba ta zauna ba. Tushe ɗaya ne, aka rabu, kowane reshe ya ci gaba da rayuwarsa. To haka masu wannan ilimi suke faɗi. Kuma Hausa ta haɗa mana komai a kalmar biri. Akwai masu wutsiya irin su jan biri da bika, waɗannan nesa suke. Akwai manya marasa wutsiya, cimfanzi da gwaggon biri, wato gorila, da su ake magana. An ƙiyasta reshenmu ya rabu da na cimfanzi shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce.

Alhaji, bari in ba ka hujja ɗaya da tela zai fi kowa ganewa. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da gado, ana kiransu kuromozom. Mutum yana da 46, cimfanzi yana da 48. Kowane zare yana da wata alama ta musamman a bakinsa biyu, kamar kalmasar bakin zane. Da aka duba zare na 2 na mutum sai aka tarar da wannan kalmasa a tsakiyarsa, kuma rabinsa ya yi daidai da wani zaren cimfanzi, ɗaya rabin ya yi daidai da wani. In aka kawo maka zane ka ga kalmasa a tsakiya, me za ka ce?

Tela_Bagalam:
Zan ce ƙyalle biyu aka haɗa, Mushe. Wannan kam ba makawa. Amma wa ya haɗa?

Mushe_SVT:
Wannan tambayar taka littafin bai amsa ta ba, kuma ba aikinsa ba ne. Ni musulmi ne kamarka, na san amsata.

Hajiya_Ƴandaka:
Ni zancen birin ma da sauƙi, ko Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum. Kifin ne ya ɗaure mini kai. Ina haɗin mai numfashi a tudu da abin da in ka fid da shi daga ruwa ya mutu?

Ɗan_Masunta_Madarunfa:
Hajiya, ba kowane kifi ke mutuwa a tudu ba. Ni a bakin tafki aka haife ni, su na gada. Kin san gaiwa? In ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙinta har ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar ƴar ƙofa ta iska. Haka za ta kwanta rani duka. Muna yara mukan bi busasshen taɓo da fartanya muna neman ramin, mu haƙo ta da ranta, ƙasa a bushe ƙayau. Tsofaffinmu suna cewa jikinta take ci, shi ya sa take fitowa a rame. Kuma ko a cikin ruwa sai ta ɗago baki ta shaƙi iska. In ta maƙale a raga a ƙasan ruwa ta kwana, da safe a mace za ka same ta. Kifi ya mutu don ruwa ya shaƙe shi! Wanda bai gani ba zai ce ƙarya ne.

Ɗalibar_UDDM:
Baba masunci, wallahi kun kawo babbar hujja ba tare da kun sani ba. Gaiwa huhu gare ta na gaske. Kuma da aka gwada ƙwayoyin gadon kifaye masu rai, dangin gaiwa ne suka fi kowane kifi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. Zancen cin jiki ma da gaskiya a ciki, don naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu da shi.

Inna Hajiya, ga labarin da ya sa ni son wannan fanni. Masana sun riga sun sami kifaye masu ƙashi a fiffike a duwatsun da suka kai shekara miliyan 385, sun kuma sami dabbobi masu ƙafa da yatsu a na shekara miliyan 365. Sai wasu ƴan Amurka, Neil Shubin da Ted Daeschler da Farish Jenkins, suka ce in maganar nan gaskiya ce, dole a sami na tsakani a dutsen da shekarunsa ke tsakanin biyun, kuma a wurin da tsohon kogi ya bi. Suka duba taswira, suka ga akwai irin dutsen a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada, ƙasar ƙanƙara. Shekara da shekaru suna komawa ba su samu ba, sai a 2004. Suka haƙo wata halitta mai shekara miliyan 375, aka sa mata suna Tiktaalik da harshen mutanen wurin. Tana da ɓawon kifi da fiffiken kifi, amma kanta a baje kamar na kada, tana da wuya, abin da kifi ba shi da shi, ga haƙarƙari masu kauri. A cikin fiffiken nan kuwa, ƙashi ɗaya babba, sai biyu, sai ƙanana irin na wuyan hannu. Ku taɓa hannunku: ɗaya a damtse, biyu a gaba, ƙanana a wuyan hannu, sannan yatsu. Ran da aka soya kaza ku duba fiffikenta, ɗaya ne sannan biyu. Abin da ya kama ni shi ne sun faɗi inda za a same ta kafin su same ta.

Abu_Hafsa:
Ƙanwata, kin iya ba da labari, amma kin bar rabi. A Ingila a 1912 ba su fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown suka ce sun sami kakan mutum ba? Shekara arba'in ana koyar da shi, sai a 1953 aka gane kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri aka goge haƙoran. Wanda ya yi maka ƙarya sau ɗaya fa?

Ɗalibar_UDDM:
Gaskiya ne Yaya, an yi wannan. Amma su wa suka tona asirin? Masanan ne da kansu, da suka gwada ƙashin. Kuma bari in ƙara maka wata da ba ka kawo ba. A 2010 aka ba da labarin wasu sawaye a dutse a ƙasar Folan, da ake ganin na masu ƙafa huɗu ne, kuma sun girmi Tiktaalik da shekaru miliyoyi. Wannan ya sa aka daina cewa ita ce kakar kai tsaye, aka ce ƴar dangi ce da ta riƙe tsohuwar kama. Ni wannan gyara da suke yi shi ke sa in yarda da su.

Abu_Hafsa:
Ni kuma shi ke sa in ƙi. Abin da yau ake gyara shi gobe a sake, ba zan ɗora asalina a kansa ba.

Bagobirin_Tibiri:
Ni tambayata guda ce. Miliyoyin nan da kuke ta ambato, wa ya ƙirga? Dutse yana da takardar haihuwa ne? An ce mini da wani kabon ake awo.

Mushe_SVT:
Bagobiri, kabon 14 ba ya kaiwa can. Rabinsa yana ƙarewa a shekara 5,730, saboda haka bayan kamar shekara dubu 50 ba abin da ya rage a auna. Ga tsofaffin ƙasusuwa, dutsen da ke sama da ƙasansu ake aunawa, musamman tokar dutse mai aman wuta. A cikinta akwai wani sinadari, fotasiyom 40, da ke rikiɗa a hankali ya zama iskar argon, rabinsa a shekara biliyan 1.25. Lokacin da dutsen ke narke iskar ta fice duka, da ya daskare sai ta fara taruwa daga farko. Kamar randa ce mai ɗiga cikin kwano: in ka san yawan ɗigon a awa, ka ga abin da ya taru, ka san tun yaushe aka ajiye kwanon. Kuma akan gwada da hanya biyu ko uku a ga ko sun dace.

Direban_Agadas:
Jama'a, kuna ta Kanada da Ingila, ga shi a ƙasarmu. Na taɓa ɗaukar kaya a yankin Gadufawa, na ga ƙashin baya a shimfiɗe kan rairayi, gaɓa ɗaya sai ka sa hannu biyu, kuma dutse ne ƙiri-ƙiri. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga ƙasusuwan a tsaye, har da kadan nan da kansa kaɗai ya kai tsawon mutum. Ni tun ranar na daina musun cewa an yi wasu halittu kafin mu. Ina jin irinsu ne suka ci mutanen farko.

Ɗalibar_UDDM:
Kawu direba, a nan ne kawai zan gyara muku. Kadan Gadufawa ya kai shekara miliyan 110, manyan dabbobin nan kuma sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ba mutum ko mai kama da mutum da ya taɓa ganinsu da rai. Amma a hamadar Tenere ɗin, inda Gadufawa take, an yi mutane na gaske. A 2000 tawagar Paul Sereno, suna neman waɗannan ƙasusuwa, suka faɗa kan wata maƙabarta a Gobero mai kaburbura wajen 200, mafi tsufa kusan shekara dubu 10. Bakin tafki ne a da, don an sami ƙashin kifi da na dorina. Akwai kabarin wata mace da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna. Duk lokacin da na ga hoton sai jikina ya yi sanyi.

Mai kama da mutum mafi tsufa kuwa a maƙwabta aka same shi. Yuli 2001, a hamadar Jurab ta Cadi, wani ɗan Cadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin tawagar Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, wato fatan rayuwa da Goranci. Kusan shekara miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta cimfanzi ba, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da lakar ƙashin baya ke bi ta shiga kai ya matso ƙasa, kamar na mai ɗauke da kai a kan miƙaƙƙen wuya. Har yau masana na jayayya ko a tsaye yake tafiya. Wadda ba a jayayya a kanta ita ce Lusi ta Habasha, 1974, shekara miliyan 3.2, ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya da ƙafa biyu ne, tsawonta mita ɗaya da ɗan kai. Da sawayen Laetoli a Tanzaniya, da aka taka a kan jiƙaƙƙen toka shekara miliyan 3.6, babban yatsa a jere da sauran kamar namu.

Malam_Na_Zaure:
Bismillahi. Na karanta duka, kuma Alhaji Tela da ni yake, don imanin ƴarsa ya dame shi.

Abin da nassi ya yanke ba ma wasa da shi: Allah ya halicci Adamu daga turɓaya, ba uwa ba uba, ya busa masa rai, ya sa mala'iku suka yi masa sujada, kuma mu duka zuriyarsa ne. A wannan ba na ja da baya ko taƙi ɗaya. Amma Alƙur'ani bai ba mu shekarar ba, bai kuma ba mu yadda gaiwa ko kada suka samu daki-daki ba. A Suratul Anbiya an ce an sanya duk wani abu mai rai daga ruwa, a Ankabut an ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ya fara halitta. Wanda ya haƙo ƙashi a Cadi bai saɓa wa wannan ba. Ƙashin nan halittar Allah ne, ya rayu ya mutu. Cewa shi ne uban Adamu, wannan fassarar mutum ce, kuma a nan muke rabuwa.

Na kuma ji yara suna cewa ai birai mutane ne da aka la'anta. A'a. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa waɗanda aka shafe aka mai da su birai ba a ba su zuriya ba, kuma akwai birai tun kafin nan.

Abu_Hafsa:
Allah ya gafarta Malam, da girmamawa, kun buɗe ƙofa. In yaro ya yarda da na dabbobi yau, gobe zai ce to me ya raba mutum? Kuromozom ɗin da Mushe ya kawo ai a jikin mutum yake.

Malam_Na_Zaure:
Na ji ka, kuma tsoronka yana kan hanya. Sai dai rufe ƙofar ba ya hannunmu, waya na hannun yaran. In muka ce musu ƙasusuwan ƙarya ne, ran da suka je Yamai suka gani da ido, mu za su daina yarda da mu. Zancen zaren kuwa, Mai halitta yana da ikon yin halittunsa a kan tsari ɗaya. Abin da ban sani ba ina cewa Allahu a'alamu.

Ungozoma_Zariya:
Ku yi haƙuri in sa baki daga ɗakin haihuwa. Ni inda nake ganin wannan ilimi shi ne sikila. Me ya sa ta yi yawa a ƙasashenmu, babu ita sosai a ƙasashen sanyi? Don mai AS, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, zazzaɓin cizon sauro ba ya kayar da shi kamar mai AA. Tun zamanin kakanni yara masu AS sun fi tsira, suka girma suka haifa, abin ya yaɗu. Kuɗin da muke biya shi ne masu SS. Haka kuloroƙin, da muna yara ita ce magani, yanzu ƙwayar cutar ta saba da ita har an daina ba da ita. Halitta tana canjawa, a gabanmu. Don Allah iyaye, a yi awon jini kafin a sa rana. AS da AS, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu na SS. Na riƙe yaran nan suna kukan ciwon ƙashi, ba na fatan kowa ya gani.

Hajiya_Ƴandaka:
Wallahi ƴar'uwa kin taɓo inda ke mini ciwo. Jikana na biyu haka yake. Lokacin sanyi ba ma barci. A ina ake awon da sauƙin kuɗi?

Bagobirin_Tibiri:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Amma Ungozoma, sikila ba ta mai da mutum wani abu dabam ba. Jar akuyar Maradi ma zaɓe ne ya fitar da ita, amma akuya ce dai.

Mai_kula_da_zaure:
Hajiya, Ungozoma za ta amsa miki ta akwatin sirri. Jama'a a koma kan tambayar Alhaji, kuma na goge saƙo biyu da aka kafirta wani a ciki. Ba a nan ba.

Mariama_Ali_Ɗan_Sofo:
Ni abin da ke ci mini rai dabam ne. Zanen da Alhaji ya gani, sau da yawa na farko baƙi ne, na ƙarshe fari. Kuma har yau ana jefa wa ƴan ƙwallonmu ayaba a Turai. Ba da wannan ilimin aka raina mu ba?

Mushe_SVT:
An yi, Malama Mariama, ba zan kare su ba. Turawan mulkin mallaka sun auna kawunan mutane don su halatta zalunci. Amma ƙasusuwa da jini sun ƙaryata su. Mafi tsufan ƙasusuwan irinmu a Afirka suke, na Jabal Irhud a Maroko sun kai shekara dubu 300. Duk Bature da Basine zuriyar wasu ƴan tsiraru ne da suka fita daga nahiyar nan, shi ya sa bambancin gado tsakanin ƴan Afirka ya fi na sauran duniya yawa. Farar fata daga baya ta zo, a inda rana ba ta da ƙarfi. Ba wata ƙabila da ta fi wata kusa da biri. Wannan jeren zanen ma ni ba na son sa, don yana nuna layi ɗaya, alhali abin rassa ne, da yawansu sun ƙare ba magaji.

Bagobiri, akuyarka shekara nawa aka yi ana zaɓenta? Ka kwatanta da miliyan 7.

Bagobirin_Tibiri:
To ai miliyan ɗin ce ban gani ba, Mushe. Akuyar na gani.

Tela_Bagalam:
Na gode muku duka. Daren jiya na zauna da yarinyar, na karanta mata maganar Malam da ta Mushe. Na ce ta koyi darasinta da kyau, ta san abin da aka haƙo da inda aka haƙo shi, ta riƙe Annabi Adamu yadda muka gada. Sai ta tambaye ni, Baba, su Lusi ɗin da suke tafiya da ƙafa biyu, za a tashe su ranar ƙiyama a yi musu hisabi, ko kamar dabbobi suke? Na rasa abin cewa. Malam, na miƙo maka.

Abu_Hafsa:
Kun gani ko? Ga irin tambayoyin da nake tsoro sun fara.

Ɗan_Masunta_Madarunfa:
Mushe, in ruwa ya ja baya bayan sanyi zan haƙo gaiwa guda da jakarta, ban fasa ba, in kawo maka aji. Ka tanadi babban baho da ruwa, yaran su ga yadda take farkawa. Alhaji, ka ce wa ɗiyarka ta zo ranar.